Yadda Gwaggo Ta Bar Ɗakin Jarirai

A asibitin da nake aikin akawu an yi wata mata da kowa ke kira Gwaggo. Likitoci haka suke ce mata, masu gadi haka, har matan da suka girme ta. Aikinta wankan jarirai. Ba nas ba ce, ba kuma ungozoma ba. Tana budurwa aka ɗauke ta aikin shara da goge-goge a ɓangaren haihuwa. Wata rana aiki ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan, aka miƙa mata yaro ta riƙe. Tsohuwar sistar da ke kula da ɓangaren a lokacin ta tsaya tana kallon yadda ta tallafe kansa, ta ce mata ta jingine tsintsiya. Lokacin da na fara aiki a nan ta riga ta haura shekara ashirin a ɗakin jarirai, kuma lokacin da wannan abu ya faru, 'yan shekaru suka rage mata ta yi ritaya.

Abin da zan rubuta, ko dai na gani da idona, ko na ji daga bakinta. Abin da na tsinta a bakin wasu na bar shi.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta ya koɗe saboda ruwa da sabulu. Ta taɓa yin aure, auren bai yi ƙarko ba, ba ta haihu ba, ba ta kuma sake yin wani ba. Kowa ya san wannan, ba wanda ke tayar da zancen. Ba ta zaman hira a bencin bakin kanti kamar sauran ma'aikata. Idan ta tashi aiki sai ta cire farar riga, ta ninke, ta bi ta ƙofar baya. Mun ɗauka halinta ne kawai.

Ɗakin jarirai dogo ne, ga ƙananan gadaje a jere ta jikin bango, ga kwalaben bakwaini can ƙurya, sai teburin ƙarfe da baho kusa da taga. Ta bakin tagar nan nake wucewa kowace safiya in kai wa Babbar Sista takardu, saboda haka na sha kallon Gwaggo a bakin aiki. Takan tsoma gwiwar hannu ta ji ɗumin ruwa, ta kwantar da yaro a damtsenta, ta fara da kai, tana yi masa magana kamar wani babban baƙo.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ya hanya? Ka ga yadda ka same mu, tun jiya babu wuta. A'a, kar ka yi min tsawa, ba ni na ɗauke ba."

Idan mace ce kuwa sai ta ce, "Haba uwar ɗakina, duk wannan ihun don an taɓa miki gashi? Gashin ma guda nawa ne?"

Idan ta tsane yaro da tawul, sai ta yi abin da aka san ta da shi. Takan sunkuya ta kafa hancinta a wuyansa, ta kafa a hammata, sannan a gindin cibiya, ta shaƙa. Ta ce cibiyar da za ta lalace tana fara wari kafin ta fara ja, kuma wankan da bai fita ba, hanci ne ke fara sani. Sababbin ma'aikata sukan yi dariya, daga baya wasunsu su kwaikwaya. Ba wanda ya taɓa hana ta. Ni kaina da aka haifi 'yata ta biyu a nan, na ga ta yi mata haka, kuma na ji daɗi.

Wata shekara jarirai suka fara fitar da ƙuraje. Ƙananan bororo ne masu ruwa rawaya, a wuya, a matse-matsi, a gefen cibiya. Idan suka fashe sai su bar fata ja kamar ƙuna. Na farko an ce zafi ne. Sai ga wani, sai ga wani. Wasu a sallame su lafiya ƙalau, bayan kwanaki uwa ta dawo da su cibiya tana fitar da mugunya. Wata mai jego nononta ya kumbura ya tara ruwa, sai da aka tsaga. Daga nan abin ya kai ga wani bakwaini, ɗan wata mai sayar da kifi. Shi cutar cikin jini ta shiga masa. Ya yi zazzaɓi, ya daina kama nono, ya yi makonni ana yi masa allura ta jijiya. Ya rayu, amma da ƙyar.

Ɗakin awo ya ce duk ƙwayar cuta ɗaya ce. Likitar yara ta tara ma'aikatan ɓangaren, aka kira ni in rubuta abin da aka tattauna. Matashiya ce, ba ta da yawan magana, amma ranar ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce sunan ƙwayar sitafilokokas, su a taƙaice sitaf suke cewa. A fatar mutum take zama da cikin hanci. A cikin mutum uku, kusan ɗaya yana yawo da ita bai sani ba, ba ta kuma yi masa komai. Sai ta sami ƙofa, kamar yanka ko ƙuna ko cibiyar da ba ta gama warkewa ba, sannan ta zama maruru ko ƙurji, ko ta wuce cikin jini, ko ƙashi, ko huhu. Ta ce wadda ta shigo mana kuwa mai taurin kai ce, magungunan da aka saba bayarwa ba sa kashe ta. Saboda haka duk wanda ke shiga ɗakin jarirai za a goga masa auduga a hanci a kai awo.

Wani mai tura gadon marasa lafiya ya ɗaga hannu. "Ke nan, likita, a cikinmu nan akwai masu ita?"

"Ba shakka."

"To ni dai a fara da Akawu. Dubi hancinsa, ai unguwa guda za ta zauna a ciki."

Aka yi dariya. Gwaggo ma ta yi, ta ce masa, "Kai da bakinka ya fi na buhu faɗi, ka bar hancin mutane."

Da sakamako ya fito, an sami mutane da dama da ke ɗauke da ƙwayar ta yau da kullum. Mai taurin kan kuwa a hancin mutum biyu aka same ta: wata ƙaramar nas, da Gwaggo.

A ofishin Babbar Sista aka gaya mata. Ina wurin, domin ni zan buga takardar canjin wurin aiki na wucin gadi.

"Gwaggo, ki zauna mana," in ji Sista.

"A'a, na bar ruwa a baho, zai huce."

Likita ta gaya mata. Gwaggo ta miƙa hannayenta biyu a kan tebur, ta juya su.

"Ni? Sista, ki dubi hannun nan. Na wanke shi har ba ya jin zafin tukunya."

"Ba ƙazanta ba ce, Gwaggo," in ji likita. "Ba a hannu ma take ba. A hanci take."

Gwaggo ta kai yatsa ta taɓa hancinta, sai ta yi sauri ta sauke.

"Ɗan mai kifi," ta ce. "Ni ce?"

"Ba zan iya cewa ke ce ba. Ba ke kaɗai aka samu da ita ba, kuma ba mu san wanda ya fara ba wani ba. Amma ba za ki koma ɗakin ba sai awo uku a jere sun nuna babu ita."

Aka ba ta man da za ta riƙa shafawa a cikin hanci, da sabulun ruwa na wanka, aka ce ta riƙa canza tawul da zanin gado. Aka mayar da ita siton zannuwan gado, can bayan gini, bango ɗaya da ofishina. Ruwan bahon wata ce ta zubar.

Siton ɗaki ne mai duhu, tagarsa ƙarama ce can sama kusa da rufi. Kantoci ne har sama, cike da zannuwa da rigunan filo, ga warin sabulu da na guga. A da a nan ake ajiye kayan jarirai ma, amma ranar da za ta fara Sista ta sa aka kwashe su zuwa wani wuri. Gwaggo ta ga kantar a wofi, ta gane, ba ta tambaya ba.

Likita ta faɗa ta nanata cewa ba abin gudu ba ne, ana iya gaisawa da ita, ana iya cin abinci da ita. Amma mutane rabin magana suka riƙe. Mai shayin bakin ƙofa ya ware mata kofi, ya ɗaura masa zare a hannu. Matan da a da sukan dafa kafaɗarta in za su wuce, suka koma gaisuwa daga nesa da fara'a mai yawa. Sai ta daina fita. Takan ci abincinta a sito, a kan kujerar roba, ta juya wa ƙofa baya.

Ni nakan shiga wurinta da hantsi, saboda soket ɗin ofishina ya mutu tun tuni, nata ne ke ɗaukar butar shayi. Da farko gaisuwa ce kawai. Daga baya ta fara tambayata.

"Akawu, ka wuce ta tagar yau?"

"Na wuce."

"Mutum nawa aka samu?"

In gaya mata abin da na gani. Ta tambayi wa ke wanka. In gaya mata. Sai ta ce, "Hm," ta ci gaba da ninki.

Ƙaramar nas ɗin ta yi magani, awonta ya fito lafiya, ta koma bakin aiki. Gwaggo ma ta bi ƙa'ida ba ta tsallake komai ba. Awon farko ya fito babu. Na biyu ma babu. Ta goge farar rigarta ta rataye a bayan ƙofar sito. Na uku ya fito, ga ƙwayar ta dawo.

Aka sake ba ta magani daga farko. Haka aka kuma yi: ta ɓace, ta dawo. A karo na biyun ne likita ta zo sito da kanta. Ina tsaye ina jiran buta ta tafasa.

"Gwaggo, ke da wa kuke zaune a gida?"

"Ni da Yayana."

"Lafiyarsa ƙalau?"

Gwaggo ta gyara kusurwar zanin da ke hannunta. "Yana da ɗan ciwo a ƙafa."

"Tun yaushe?"

"Ya ɗan daɗe."

Ashe ya kusa shekara goma. Ba wanda ya san tana da majinyaci a gida, mu da muke ganinta kullum. Bayan likita ta fita, ta ba ni labarin a hankali, tana ninki tana faɗa. Yaya direban babbar mota ne a da. Iyayensu sun rasu tana ƙarama, shi ya riƙe ta. Ranar da aurenta ya mutu, shi ya zo da motarsa ya kwashe kayanta, bai tambaye ta me ya faru ba, har yau kuma bai tambaya ba. Matarsa ta rasu. Ɗansa ɗaya yana wani gari mai nisa yana aiki, yakan bugo waya. Ciwon suga ya kama Yaya, sannan wata rana salansar mota ta ƙona shi a ƙwauri. Ƙunar ba ta warke ba, ta zama gyambo. Ita ke wanke masa da safe kafin ta fito, ita ke wanke masa da yamma in ta koma. Shi ya sa take bin ƙofar baya, ta fi kusa da inda ake shiga mota.

Likita ta ba ta auduga ta gogo ciwon ta kawo. Awo ya nuna ƙwayar nan ce dai, mai taurin kai. Ta ce ba za a san ko shi ya ba ta ko ita ta kai masa ba, amma yanzu a ƙafarsa ƙwayar ta yi gida, duk sanda aka kore ta daga hancin Gwaggo, daga can take dawowa. Mafita ita ce a kwantar da shi, a kankare ciwon, a yi masa magani mai ƙarfi ta jijiya, a yi musu su biyu lokaci ɗaya.

Yaya ya ce ba inda za shi.

"Akawu," ta ce min, "ko za ka zo ka yi masa magana? Ni ko me na faɗa, Auta ce ke magana."

Na je ranar hutu da la'asar. Layin yana bayan wata tasha, an wuce mai facin taya, an tsallaka kwata a kan katako. Ɗaki biyu ne a ƙarshen wani gidan haya, nata na ciki, nasa na waje. Tun daga ƙofa na ji warin ciwon a ƙarƙashin ƙamshin sabulu. Yana zaune a bakin gado, ya ɗora ƙafar a kan kujera 'yar tsugune. Da gani ƙaton mutum ne a da, yanzu riga ta yi masa yawa.

"Kai ne akawun? Na ɗauka zan ga mai tumbi."

"Yana hanya, Baba."

"Auta, ba shi kujerar da ba ta kayar da baƙo."

Na zauna, na bi bayanin likita daki-daki yadda na ji shi. Ya saurara har na gama.

"To tsaya," ya ce. "Ciwo a ƙafata, ƙwaya a hancinta. Ta ina ta hau? Tsani ta kafa?"

"Ta hannu, Baba. Da tawul, da zani, da duk abin da aka taɓa."

"Allah mai iko. Mota na tuƙa shekara talatin, ban taɓa ɗaukar fasinja a ƙafa ba sai da na tsufa."

Gwaggo ta shigo da ƙaramin baho na ruwan ɗumi, da bandeji, da almakashi. Ta durƙusa a gabansa, ta ciro safar hannu da likita ta ba ta, ta fara sawa. Dariyar da ke fuskarsa ta ɗauke.

"Mene ne wannan?"

"Likita ce ta ce."

"Yau na zama mushe ke nan?"

"Yaya, da baƙo fa."

"Baƙon ya ji. Akawu, yarinyar nan da kake gani, gudawa ta yi min a kujerar mota tana 'yar mitsitsiya, tun daga wani gari har wani gari. Da hannun nan na wanke ta a bakin titi. Ka tambaye ta ko ta ga safa a hannuna."

Ta dube shi, ta dubi safar. Ta zare ta, ta ajiye a gefe. Ta warware bandejin da hannunta. Ciwon ya kai faɗin tafin hannu, bakinsa ya yi tauri, tsakiyarsa ja da rawaya. Ta wanke shi a hankali daga ciki zuwa waje. Da ta gama, kafin ta ɗaure, sai ta sunkuya ta kai hancinta dab da ciwon, ta shaƙa.

"Yau da sauƙi," ta ce.

Ba ta ma san ta yi ba. Sai da ta ɗago ta ga ina kallonta, sannan ta gane. Ta tattara kayan ta fita zubar da ruwa.

Na sake tayar da maganar asibiti. Ya girgiza kai.

"Akwai abokina, tare muka yi tuƙi. Da ƙafa biyu ya shiga wurinku, ya fito da ɗaya da sanda. Likitar taku ta ce ba za a yanke ba?"

"Ta ce za a duba tukuna."

"Ta ce ba za a yanke ba?"

"Ba ta ce ba."

"To ka gani. Kai mai gaskiya ne, shi ya sa tumbin ya ƙi zuwa. Ni da ƙafata za a binne ni."

Sai ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Ɗana ya ce in koma wurinsa. Akwai ɗaki a bayan gidansa, zai ɗauko wanda zai riƙa duba ni. Ka gaya mata ta bar ni in tafi, ta koma wurin 'ya'yanta. Tun da aka raba ta da su ba ta cin abincin kirki."

"Ina jinka," in ji Gwaggo daga tsakar gida. Ta shigo tana goge bahon. "Ɗan naka da ke tsayawa a bakin ƙofa yana toshe hanci da hankici? Shi da matarsa duk aiki suke fita. Su kulle ka a bayan gida da wani ɗan haya, ka wuni kana ƙirga kwanon rufi?"

"Sai ki zauna kina ninke zani har ki mutu?"

"Ina ruwanka da zanina?"

"Ka ji ta ko? Tun tana ƙarama haka take. Kai kamar dutse."

"A wurin wa na gado?"

Na yi musu sallama ban samo komai ba.

Duk da haka ta sake gwadawa. Ban san yadda ta yi da shi ba, amma ya yarda da safar. Ta raba tawul, ta raba sabulu, ta riƙa tafasa duk abin da ya taɓa ciwon, ta sa takunkumi in za ta wanke. Na tambaye ta yaya Baba.

"Yana nan. In na sa safar sai ya juya fuska bango. Da, lokacin wankin ne muke hira. Yanzu sai na gama ya ce sannu, shi ke nan."

Ta yi wata biyu a haka. A lokacin ƙurajen sun riga sun tsaya a ɗakin jarirai, an wanke ɗakin tas, an canza tsarin wanka, an kuma hana kowa kai fuska jikin yaro. Awon Gwaggo ya fito babu, ya sake fitowa babu. Wannan karon ba ta goge riga ba. Na ukun, ni na karɓo mata daga ɗakin awo. Da ta ga yadda na shigo, ta ce, "Ajiye a nan," ta nuna kantar zannuwa. Ƙwayar ta sake dawowa.

Likita ta gaya mata gaskiya: muddin ciwon yana buɗe kuma suna gida ɗaya, da wuya ƙwayar ta bar ta. Babbar Sista ma ta gaya mata tata gaskiyar: ba za ta iya ci gaba da riƙe mata gurbi ba, masu karɓa-karɓa sun gaji. Ko dai Yaya ya koma wurin ɗansa, a sake yi mata magani ta koma ɗakinta, ko a mayar da ita sito dindindin a ɗauki wata. Ta ba ta zuwa ƙarshen wata ta yi shawara.

Ba ta kai ƙarshen watan ba. Wata safiya ta shigo ofishina, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya a gaban tebur.

"Akawu, buga min takardar. Ka ce na zauna a sito."

"Gwaggo, ai da sauran lokaci."

"Na san da saura."

"Baba da kansa ya ce zai tafi."

"Ya ce. Har ya sa na sauko masa da jakarsa daga saman kwaba. Jiya na shigo na same shi yana ninke riguna, yana sawa yana cirewa." Ta dafa bakin tebur. "Jariri, Akawu, kowa na son ɗauka. Ko ban nan, hannu goma za a miƙa. Shi wa zai ɗauka?"

Na buga takardar, na karanta mata, ta sa hannu. Ta tambaye ni ko akwai wani abu kuma, na ce babu. Ta koma sito. Jim kaɗan na ji ta ta bango tana jan kwali.

An ɗauki wata mata mai 'ya'ya huɗu a gurbinta, kuma ta iya aikin. Gwaggo ta daina tambayata abin da na gani ta taga. Amma in iska ta juyo, kukan jarirai yakan shigo ta 'yar tagar sama, sai in ga hannunta ya tsaya a kan zani har kukan ya lafa. Mai shayi ya gaji da ware kofi, ya kwance zaren. Mutane suka manta dalilin da ya kawo ta sito. Sababbin ma'aikata ma ba su san ta taɓa yin wani aiki ba, suna ce mata Gwaggon sito.

Yaya ya ƙara shekara uku da wani abu. Ciwon bai warke ba, bai kuma kai ga yanka ba. Zuciya ce ta tsaya masa wata rana da hantsi, Gwaggo tana wurin aiki, maƙwabciya ta bugo waya ofishina. Na je na yi mata gaisuwa. Ɗan ya zo, ya yi kwanaki, ya koma.

Da ta dawo aiki, watanni kaɗan suka rage mata. Likita ta same ta a sito, ta yi mata ta'aziyya, sannan ta ce, "Gwaggo, yanzu in kina so a sake gwadawa, ina ganin za a dace. Ko na 'yan watannin nan ne, Sista ta ce za ta sama miki wuri."

Gwaggo ta daɗe tana kallon audugar awon da likita ta zo da ita, a cikin 'yar kwalbarta.

"In ya fito babu fa?" ta ce.

"Ai shi muke so."

"In ya fito babu, sai in ce me? In ce Yaya ya tafi da kayansa, na huta?"

Ta ɗauki wani zani ta ci gaba da ninki.

"Na gode, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka. A bar ni a nan."

Likita ta biyo ta ofishina ta ajiye kwalbar a kan teburina. Ta ce in riƙe, ko Gwaggo za ta canza shawara, in ta yi magana in kira ta ko tana ina. Na sa ta a gefen tebur inda duk mai leƙowa zai gani. Kowace safiya Gwaggo takan leƙo ta ce, "Akawu, an tashi lafiya? Ya yaran?" In ce lafiya lau. Ta wuce ta buɗe sito.

Ranar da ta yi sallama da mu, na raka ta har ƙofar baya, na riƙe mata jaka har ta sami mota. Da na dawo na ɗauki kwalbar na mayar ɗakin awo. Mai awon ya juya ta ya duba, ya ce lokacinta ya wuce tun tuni, in jefa a kwandon shara.